Haƙƙin Ma'aikaci da Baƙon da Ke Aiki a Ƙofarmu: Darasi Daga Madalla

MANUFAR DARASI

Manufar wannan darasi ita ce kowane iyali ya san abin da dokar Nijeriya ta tanada wa mai aiki, ya san ƙa'idar ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba, ya kuma auna kansa a wuraren da doka ba ta kai ba. Kafin a fara, maigida ko uwargida su sa ɗaya daga cikin yara ya karanta Farawa 31:36-42 da Maimaitawar Shari'a 24:14-15.

GABATARWA

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Madalla da asuba ya san inda abincin garin yake fitowa. Tun gari bai waye ba mutane sun cika gefen babbar hanyar da ta taso daga Kaduna zuwa Abuja, suna jiran mota. Akwai ma'aikatan ofis, direbobi, masu gadi, masu shara, ga birkiloli da kafintoci da kayan aikinsu a jaka. Waɗansu za su sauka a Zuba, waɗansu a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, waɗansu kuwa sai Kubwa ko Wuse ko Garki. Madalla tana cikin ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja, kusa da Dutsen Zuma, amma yawancin gidajenta da aikin Abuja suke ci. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Rushe-rushen da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 kuma ya ƙara turo jama'a zuwa garuruwan gefe.

Ga abin lura, 'yan'uwa. Mutumin da yake ƙaramin ma'aikaci a Abuja da rana, in ya dawo gida da dare shi ne maigida. Yana da yaron shago, ko mai gadi, ko yarinyar da take taya uwargida aiki. In yana gini a filinsa, yana da leburori da mai sa tayil. Da yawa daga cikin waɗannan mutane baƙi ne: masu gadi da 'yan ga-ruwa daga Jamhuriyar Nijar, masu tayil da filasta daga Togo da Jamhuriyar Benin. Ashe kuwa iyali ɗaya suna tsaye a wuri biyu. Da safe suna kukan an danne musu haƙƙi, da yamma haƙƙin wani yana hannunsu. Saboda haka darasin nan yana magana da mu sau biyu.

1. DOKAR ƘWADAGO DA WAƊANDA TA SHAFA

Babbar dokar da ta tsara zaman ma'aikaci da mai ɗaukarsa ita ce Dokar Ƙwadago, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja cikin shekarun 1970, take kuma cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Doka ce ta tarayya, don haka tana aiki a Madalla kamar yadda take aiki a Zuba, ko da yake akwai iyakar jiha tsakaninsu. Ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan shugabanni da ƙwararru, irin su manajoji da likitoci da lauyoyi, abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsu ne ya fi yi musu hukunci.

Da dokar ta zo bayyana wane ne ma'aikaci, ba ta yi zancen ƙabila ko addini ko ƙasar haihuwa ba. Duk wanda ya shiga yarjejeniyar aiki da wani, a rubuce ko da baki, ma'aikaci ne. Mu riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

2. A RUBUTA

Sashe na 7 ya ce kafin wata uku su cika da fara aiki, dole mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda. A cikinta za a rubuta sunan mai ɗauka da na ma'aikaci, ranar da aka fara, irin aikin, yawan albashi da lokacin biyansa, sa'o'in aiki, hutu, abin da za a yi in ciwo ya zo, da tsawon sanarwar da za a bayar kafin a rabu.

Yawancin rigingimun da ake kawowa gaban dattawan ikkilisiya daga rashin wannan takarda suke tasowa. Ɗaya ya ce dubu arba'in aka yi, ɗaya ya ce talatin ne da abinci. Babu shaida, sai rantse-rantse da ɓacin rai. Mun karanta labarin Yakubu a gidan Laban. Baƙo ne a Haran, kuma ɗan'uwa ne, gama Laban kawunsa ne. Shekara ashirin ya yi yana kiwo, aka sauya masa lada har sau goma. Zumunta ba ta tsare shi ba. Kada mu ce, "Ai ɗan ikkilisiyarmu ne, ina amfanin takarda?" Rubutu yakan tsare zumunci daga mantuwa da son zuciya. Ko a shafin littafin makaranta aka rubuta, mutum biyu suka sa hannu a gaban shaidu, ya fi babu.

3. ALBASHI

Doka ta ce a biya albashi da kuɗi. Ba a tilasta wa ma'aikaci ya karɓi kaya a maimakon ladansa, ba a kuma tilasta masa ya kashe kuɗinsa a kantin maigida. Tsakanin biya da biya kada ya wuce wata ɗaya. Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci ta wurin yanke albashinsa. In ya jawo hasara da gangan ko ta wurin sakaci, sai an sami izinin jami'in ƙwadago a rubuce kafin a cire wani abu. Dukan abin da za a cire a wata ɗaya kuma kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin. To, maigidan da ya riƙe albashin wata guda cur domin faranti ya fashe ko jarka ta ɓace, ya yi abin da Laban ya yi, wanda ya ɗora wa Yakubu hasarar kowace dabbar da naman jeji ya kashe.

Game da mafi ƙarancin albashi, an fara da naira 125 a 1981. Ya koma naira 5,500 a 2000, naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019. A watan Yuli 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, aka kuma rage wa'adin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku. A wannan shekarar ce Gwamna Umar Bago ya sanar da naira 80,000 domin ma'aikatan gwamnatin Jihar Neja. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin rabin lokaci, da waɗanda ake biya da la'ada ko da yawan abin da suka yi, da masu aikin gona na damina. Wato yawancin shaguna, gidajen burodi, ƙananan makarantu da gidajen bulo na Madalla suna waje da ita.

Fansho ma haka yake. Dokar 2014 ta wajabta shi a kamfanin da yake da ma'aikata 15 ko fiye: kamfani ya sa kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya sa kashi 8. In ana cire maka kashi takwas ɗin nan, ɗan'uwa, ka riƙa duba saƙon da kamfanin fanshonka yake aikowa, ka tabbata kuɗin suna shiga.

4. HUTU, CIWO DA HAIHUWA

Wanda yake aikin sa'a shida ko fiye a yini yana da hutun da jimlarsa ba ta gaza sa'a ɗaya ba. A cikin kowane kwana bakwai yana da yini guda na hutu, sa'a 24 a jere. In ya cika wata goma sha biyu yana aiki, yana da aƙalla kwana shida na aiki a matsayin hutun shekara, da cikakken albashi. In ciwo ya kwantar da shi, likita ya ba da shaida, za a biya shi har kwana goma sha biyu na aiki a shekara.

Mace mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. In ta yi wata shida ko fiye a wurin, za a biya ta aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun, ba a kuwa yarda a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu ba. In ta koma aiki tana goyo, tana da rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta; gwamnati da waɗansu kamfanoni suna ba da fiye da haka. Zumuntar mata su lura da wannan sashe, su koya wa 'yan mata masu shiga aiki, gama da yawa sukan ɓoye ciki don tsoron kora.

5. IDAN ZA A RABU

Sashe na 11 ya tsara sanarwar da kowane ɓangare zai ba ɗaya kafin a rabu. In aikin bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya ne. In ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Sanarwar mako ɗaya ko fiye dole ta zama a rubuce. Ana iya biyan kuɗin waɗannan kwanaki a maimakon sanarwar, kuma duk abin da ma'aikaci yake bi a biya shi kafin wa'adin ya cika. Babban laifi, kamar sata da aka tabbatar, shi ne yake iya sa a sallami mutum ba tare da sanarwa ba.

A ce wani direba ya shekara uku yana tuƙa motar gidan burodi. Ba daidai ba ne a ce masa da safe, "Ajiye makulli, ka tafi." Yana da mako biyu ko kuɗinsu. Haka nan shi ma ba shi da iko ya ɓace ba sallama don ya sami wani wuri. In kuma kamfani ne yake rage ma'aikata don aiki ya ja baya, sashe na 20 ya ce a sanar da wakilan ma'aikata, a fara da wanda ya zo daga baya in ƙwarewarsu ɗaya ce, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama.

6. HATSARI A WURIN AIKI DA A KAN HANYA

Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta sa kowane mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF. Daga aljihunsa zai biya, ba a cirewa daga albashin ma'aikaci. Daga wannan asusu ake biyan magani da diyya in mutum ya ji rauni, ya naƙasa, ko ya rasu ta dalilin aiki. In ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye da suke dogara gare shi, dokar ta tanada musu kashi 90 cikin ɗari na albashinsa kowane wata.

Abu biyu a cikin wannan doka sun shafi mutanen Madalla ƙwarai. Na fari, ta haɗa da hatsarin da ya sami ma'aikaci a kan hanya tsakanin gidansa da wurin aiki, muddin mai ɗaukarsa ya san inda yake zaune. Wanda yake bin titin Zuba safe da yamma, bari ya tabbata adireshinsa na gaskiya yana cikin fayil ɗinsa. Na biyu, akwai wa'adi. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana bakwai, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Iyalai da yawa sukan rasa haƙƙinsu domin makoki ya ɗauke hankalinsu har lokaci ya wuce. A nan ne dattawa da masu ilimi a ikkilisiya za su taimaki gwauruwa.

7. ƊAUKAR WANDA BA ƊAN ƘASA BA

Yanzu mu juya ga baƙo. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta ce wanda ba ɗan Nijeriya ba ba zai karɓi aiki a wurin mai zaman kansa ba sai da yardar Shugaban Hukumar Shige da Fice, mai son ɗaukarsa kuma shi ne zai nemi izinin. Amma baƙi iri biyu ne.

Iri na fari su ne ƙwararrun da manyan kamfanoni suke kawowa, kamar injiniyoyin da suka zo da kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wanda ya gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Kamfani yakan nemi gurabe daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a ƙayyade masa yawan baƙin da zai kawo, da irin aikin kowannensu, da tsawon lokaci. Baƙon yakan shigo da bizar aiki, sa'an nan a ba shi katin zama da ake kira CERPAC. Sharaɗin gurbin shi ne a haɗa baƙon da 'yan Nijeriya masu koyo a ƙarƙashinsa, domin su gaje shi. A watan Fabrairu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarni na 5, wanda ya hana ba da bizar aiki ga baƙo in akwai 'yan ƙasa masu wannan ƙwarewa. A watan Fabrairu 2024 gwamnati ta sa harajin shekara a kan kamfanonin da suke ɗaukar baƙi, dala 15,000 a kan darakta da dala 10,000 a kan sauran, amma aka dakatar da shi a watan Maris bayan 'yan kasuwa sun koka. Manufar dukan wannan ita ce a sami ilimin baƙo ba tare da an toshe wa ɗan ƙasa hanya ba. Matasanmu da suke aiki a ƙarƙashin irin waɗannan ƙwararru su buɗe ido su koya, gama domin wannan aka sa su a wurin.

Iri na biyu su ne maƙwabtanmu na Afirka ta Yamma, su ne kuwa muke gani a ƙofarmu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar izinin shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, in yana da takardar tafiya mai kyau. Ƙarin da aka yi a 1986 ya ba shi ikon zama domin neman aiki, na 1990 kuma ikon kafa sana'a. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya je ofishin shige da fice ya nemi katin zama na ECOWAS. Wannan ya shafi mutumin Togo, Benin da Gana. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar ECOWAS ta roƙi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su bar su su yi zirga-zirga da zama har a kammala shawara. Chadi da Kamaru kuwa ba sa cikin ECOWAS, don haka wannan sauƙi bai shafi mutanensu ba.

Me ya wajaba a kan iyalin da za su ɗauki baƙo? Su tambayi sunansa na gaskiya da garinsu, su ga takardarsa, su san wanda ya tsaya masa, ko sarkin 'yan ƙasarsu ne ko wani dattijo sananne. Wannan tsaro ne ga gida, tsaro ne kuma gare shi. In ba shi da katin zama, su nuna masa hanya ya samu. Kada su riƙe masa fasfo ko katin shaida a matsayin jingina. Kada kuma rashin takardarsa ya zama sanda a hannunsu, in ya nemi kuɗinsa a ce za a kira masa jami'ai. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana bauta da aikin tilas a kan kowane mutum, bai ce ɗan ƙasa kaɗai ba. A watan Yuni 2020 'yan sanda sun fitar da ma'aikata fiye da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Kano, inda aka tsare su kimanin wata uku a lokacin kullen korona. Ƙulle ƙofa da riƙe takarda hanya ɗaya suke bi: dukansu hana mutum tafiya ne.

Tarihi ma yana da abin da zai koya mana. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. Dubban 'yan Nijeriya, Hausawa da Yarbawa, waɗansunsu a zangon Kumasi da Akara aka haife su, suka bar gidaje da dukiya. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta yi irin wannan, mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Wanda ya kori baƙo jiya, shi aka kora shekaranjiya. Yau ma 'ya'yanmu suna aiki a ƙasashen Larabawa da Turai, muna addu'a a riƙe su da adalci. Dalilin da Ubangiji ya ba Isra'ilawa ke nan a Littafin Firistoci 19:33-34, cewa su tuna su ma sun yi baƙunci a Masar. A Maimaitawar Shari'a 24 kuwa ya sa ɗan ƙasa da baƙo a ƙarƙashin umarni guda: a biya talaka ladansa kafin rana ta faɗi, domin a kansa ya sa rai.

8. INDA DOKA TA TSAYA

Mun ga cewa ƙananan wuraren aiki suna waje da dokar mafi ƙarancin albashi. Haka kuma Dokar Ƙwadago ta cire wanda aka ɗauka ba domin sana'ar maigida ba, shi ya sa masu aikin gida ba su da cikakkiyar kariyarta. Duk da haka alkawarin da aka yi musu yarjejeniya ce da kotu za ta iya tilastawa, dokar diyya ta 2010 kuma ta ambaci mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba a cikin waɗanda ta shafa.

Game da yara kuwa doka ba ta yi sassauci ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take zartarwa, ta ce duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya kawo shi, ko ya ba da shi haya, zai sha ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aikatau a wajen gidansu ko danginsa. Uwargida, in wata ta kawo miki yarinya daga ƙauye ko daga ƙetaren iyaka, ta ce ita za a riƙa ba kuɗin wata, ki tsaya ki yi tambaya. Shekararta nawa? Iyayenta sun san inda take? Wa yake cin ladanta? In 'yar dangi ce kike riƙo, tana zuwa makaranta kamar 'ya'yanki? Tana cin abin da suke ci?

A wuraren da jami'in ƙwadago ba ya shiga, tsoron Allah ne kaɗai mai tsaro. Annabi Irmiya, a sura 22:13, ya yi kashedi ga mai gina benensa da gumin maƙwabcinsa ba tare da biya ba. Yakubu 5:4 ya nuna cewa ladan da aka danne yana da murya, tana kuwa kaiwa kunnen Ubangiji. Ikkilisiya ma ta auna kanta, gama ita ma mai ɗaukar aiki ce. Mai gadin majami'a, mai shara, malaman makarantar ikkilisiya, suna da takarda? Ana biyansu a kan kari? Kada mu kira albashin da muka hana mutum da sunan hidimar Ubangiji. Hidima da yardar rai ake yinta.

9. NAWAIYAR MA'AIKACI, DA INDA ZA A KAI KUKA

Mai neman haƙƙinsa shi ma akwai haƙƙi a kansa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zuwa a makare, sayar da simintin mai gini, karkatar da cinikin shago, barci a bakin gadi, duk cin amana ne. Kolosiyawa 3:22 zuwa 4:1 ya yi wa bara da maigida gargaɗi a wuri guda, ya tuna wa dukansu cewa akwai Maigida a Sama.

In an cuce ka, fara da magana da mutumin a keɓe. In bai ji ba, tafi da shaida ɗaya ko biyu, bisa ga tsarin Matiyu 18. In kana cikin ƙungiyar ƙwadago, ka sanar da ita. Doka ta hana korar mutum domin ya shiga ƙungiya. Bayan wannan akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Minna da Abuja, inda jami'ai suke kiran ɓangarori biyu su sasanta. In abin ya faskara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba ikon shari'ar aiki ita kaɗai. Ka adana takardar ɗaukarka, katin aiki, da saƙonnin banki na shigar albashi, gama su ne shaidunka. Dattawa kuma, in an kawo muku ƙara tsakanin mai kuɗi da lebura, kada ku ce wa talaka ya yi haƙuri kawai domin ɗayan yana ba da baiko mai yawa. Sulhun da bai mayar wa mutum haƙƙinsa ba bai cika ba.

KAMMALAWA

Dokar ƙasa ta sa mana iyakar da ba za a gaza ba: takarda cikin wata uku, albashi a kan kari, hutu, sanarwa kafin rabuwa, diyya in hatsari ya faru, da izinin zama ga baƙo. Mu san waɗannan domin kada a cuce mu a Abuja. Mu kuma aikata su domin kada mu cuci wani a Madalla. Mudun da muke so a auna mana da shi da safe, da shi za mu auna wa mai gadinmu da yamma, ko daga Maraɗi ya fito ko daga Kafanchan.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A GIDA

1. Su wane ne suke yi wa gidanmu aiki? Mun san cikakken sunan kowannensu da garinsu?
2. Akwai wanda yake binmu ladan aiki yau? Yaushe za mu biya?
3. Waɗanda suke aiki a cikinmu, suna da takardar ɗaukar aiki? In babu, wane mataki za su ɗauka a wannan wata?
4. In wanda ya shekara shida yana aiki za a sallame shi, sanarwar kwana nawa doka ta ba shi?
5. Me za mu yi in muka ga ƙaramar yarinya tana aikatau a gidan maƙwabci, ba ta zuwa makaranta?

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, kai da kake jin kukan ma'aikaci da na baƙo, ka gafarta mana inda muka riƙe abin da ba namu ba. Ka tsare masu fita da asuba neman abinci, ka komo da su lafiya. Ka ba masu aiki aminci, ka ba iyayen gida adalci, ka sa gidajenmu su zama wurin da baƙo zai ci guminsa cikin salama. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.